Akwati Sha Biyu na Oom Jafta

Duk wanda ya san Jafta Windvogel a ƙauyenmu na Keurdraai ya san cewa akwatunan ƙudan zumansa goma sha biyu ne. Haka ya faɗa wa fasto, haka ya faɗa wa likita a asibitin garin George da aka tambaye shi sana'arsa, haka ya faɗa wa saurayin da ya zo neman auren 'yarsa. Shekara ashirin da shida yana kiwon zuma. A ciki ya sayi a-kori-kura, ya ƙara ɗaki biyu a gidansa, ya biya wa 'yar tasa makarantar koyon jinya har ta gama, amma a bakinsa akwatunan nan ba su taɓa ƙaruwa ba, ba su taɓa raguwa ba. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya taɓa ƙaryata shi, domin a wajenmu ba a yi wa mai zuma wannan tambaya da sa ran jin gaskiya.

Kada a ɗauka mugun hali ne nasa shi kaɗai. Duk masu zuman yankin nan haka suke, kuma suna da hujjarsu. Akwati ba a gida yake zama ba, a daji ake ajiye shi, ba mai gadi, ba shinge. Ka faɗi inda naka suke, wata safiya ka je ka tarar da sawun babbar mota da duwatsun da ka danne murafai da su. In ma ɓarawo bai zo ba, ɗan'uwanka mai zuma zai zo ya jera nasa a bayan tudu, ƙudansa su raba furen da naka. Saboda haka abu biyu ne ba a faɗa, yawa da wuri. Bin mutum a ɓoye don ka gano wurinsa kuwa, wannan abin kunya ne da ake goranta wa mutum har jikokinsa.

An haifi Jafta a gidajen masu saran itace da ke bakin daji, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara. Babansa Kerneels gatari ne sana'arsa, amma ranar Lahadi in an taso daga coci sai ya cire takalmin ado ya bi ƙudan zuma da ido har ya gano kogon itacen da suke ciki. Jafta aji biyar ya yi aka cire shi daga makaranta. Yana da shekara sha biyar ya shiga injin yankan katako, ya yi shekara ashirin da biyu a ciki, zarto ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, sannan wata Juma'a aka tara su aka ce kamfani ya rufe. Wasu suka tafi birni neman aiki. Wasu suka zauna a ƙofar shagon giya suna jiran a sake buɗewa, kuma har yau akwai waɗanda ba su tashi ba. Shi kuwa ya kwaso ragowar katako daga bayan injin ya harhaɗa akwati biyar.

A shekarar ne tsoho Kerneels, da ƙafa ta riga ta fara ƙin ɗaukarsa, ya ja shi zuwa wani kwazazzabo a bayan dutse. Wata tsohuwar hanyar jan katako ce ke kaiwa can, ciyawa ta rufe ta har an manta da ita. Akwai ruwan da ba ya ƙafewa, duwatsu sun tare iska, fure kuma ba ya yankewa lokacin sanyi da lokacin zafi.

"Nan wurin kakanka ne," in ji tsohon. "Ka taɓa jin na faɗa wa uwarka?"

"A'a, Baba."

"To."

Iyakar wasiyyar ke nan, kuma Jafta ya riƙe ta fiye da yadda ya riƙe dokoki goma. Daga baya ya samu wasu wurare uku kusa da hanya, amma kusan rabin akwatunansa a kwazazzabon suke. In ya shiga da mota sai ya sauko ya ja reshe ya share sawun taya, in ya fito ya sake sharewa.

Matarsa Ragel ita ce rabin sana'ar da ake gani. Ita ke tace zuma, ta zuba a kwalabe, ta liƙa takarda, ta kai kasuwar Asabar inda masu yawon buɗe ido ke saye ba ciniki. Mace ce mai murya, ita ke jan waƙa a coci, kuma a gida ma ba ta rage ta. Shekara arba'in suna tare bai taɓa kai ta ko wuri ɗaya ba. Ta ce ba ta damu ba, wai me za ta je yi a inda ake harbin mutum a ido.

Sai Moos Kamfer. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, rana ɗaya aka sallame su daga injin katako, kuma shekara biyu bayan Jafta shi ma ya fara kiwon zuma, abin da Jafta bai taɓa yafe masa ba. Moos ƙato ne mai tumbi da dariya, Jafta siriri ne mai maganar awo. In suka haɗu a gidan mai, yaran da ke zuba man har rage hannu suke don su ji.

"Yatsa Takwas! An ce bana zuma ta yi maka albarka."

"Wa ya faɗa maka? Da ƙyar Ragel ta samu ta shayi."

"Ayya, ni ma haka. To waɗannan bokitan da ke bayan motarka fa?"

"Ruwa ne."

"Ruwan ne ƙuda ke bi haka?"

"Kai ma ai ƙuda na bin ka, Moos. Zuma ce a cikinka?"

Zumar kwalba kuwa ba ita ce abincin gidan ba, ita ta miya ce. Abincin yana gonakin tuffa na Langkloof, a hayin dutse. Duk ƙarshen Satumba, in itatuwa suka yi fure, manoma sai sun yi hayar ƙudan zuma su bi furen, in ba haka ba tuffa ba ta 'ya'yan kirki. Jafta gona ɗaya yake wa aiki shekara sha huɗu, kuma sharaɗin mai gonar bai taɓa canzawa ba: akwati saba'in masu ƙarfi, ko babu. Yadda mai sha biyu yake cika saba'in, wannan ba a tambaya. In an matsa sai ya ce aro yake yi.

Gobarar ta zo ne a watan Yuni, ranar Talata, tare da iskar nan mai zafi da ke gangarowa daga dutse a tsakiyar sanyi, domin a wajenmu Yuni lokacin sanyi ne. An yi wata takwas ba ruwan kirki. Da hantsi muka ga hayaƙi a bayan dajin katako, kafin azahar ba ka ganin gidan maƙwabcinka. 'Yan kwana-kwana suka ce kowa ya fita, muka taru a filin ƙwallo da yara da karnuka da kaji a kwali. Kwana uku tana ci. Ta ci gida tara a gefen ƙauye, ta ci rumfunan kasuwar Asabar, ta ci dajin daga bakin kogi har ƙolin dutse. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a Keurdraai ba, kuma gidan su Jafta ko fentinsa bai taɓu ba. Mutane suka riƙa yi masa barka, yana amsawa.

Ranar da aka buɗe hanya ya fita shi kaɗai. Akwatin zuma busasshen katako ne da kaki, in wuta ta kama shi ba ta barin komai sai murfin kwano da ƙusoshi da 'yan wayoyi. Wuri na farko haka ya tarar, na biyu haka, na uku haka. Ya tsaya a kowanne ya duba ya koma mota. Hanyar kwazazzabo itatuwa sun faɗi sun tare ta, sai ya ajiye motar ya taka. Yana hawa tudun ƙarshe, tun daga nesa ya hango su: murafan kwano a jere, suna ƙyalli a kan baƙar ƙasa, ba ganye ko ɗaya da zai rufa musu asiri. Duk wanda ya tsaya a kan hanyar dutse ya leƙo zai gan su.

Da wani ne, da ya zauna ya yi kukan asara. Jafta abin da ya fara zuwa masa shi ne, wurin kakansa ya fito fili. Daji zai sake tsirowa nan da shekara uku ko huɗu, kuma in ya tsiro, duk mai zuman yankin nan ya riga ya san inda zai kai nasa. Don haka ya yi kwana biyu yana jidar murafan a baya, biyar-biyar, daga kwazazzabo zuwa mota. Ya tsince ƙusoshi da wayoyi a buhu. Ya kawo manjagara ya baje tokar, ya watsar da duwatsun da akwatunan ke zama a kai. Ya kai kayan babban jujin da aka ware don tarkacen gobara, inda katafila ke turawa cikin rami safe da yamma. A mako na biyu ruwan da aka yi wata takwas ana roƙo ya sauko, ya wanke sauran. Aiki ya yi kyau, ko shi Jafta da ƙyar yake gane inda akwatunan suka zauna.

Taimako ya fara da waɗanda suka rasa gida: barguna, abinci, tufafi, katifu, har aka rasa inda za a zuba su a zauren coci. A mako na huɗu aka waiwayo masu ƙananan sana'o'i. Wani kwamiti ne aka kafa da gudunmawar jama'a, kuma tsarinsu ba kuɗi a hannu ba ne, kayan aiki ne. Antie Dina mai ɗinki ta samu keke. Masu saran itacen girki suka samu zarto mai inji. Matan kasuwar Asabar aka gina musu rumfuna, aka yafe musu kuɗin wuri na shekara. Masu zuma kuma aka ce 'yan'uwansu na wasu larduna sun tara akwatuna da ƙudansu a ciki, za a ba kowa ɗaya a madadin ɗaya, da buhunan sukari na ciyar da su tunda daji ba fure, kuma za su iso kafin tuffa ta buɗe.

A daidai lokacin 'yarsu Lizelle ta zo daga George da nata taimakon. Akwai ɗaki a bayan gidanta, in ji ta, kuma mijinta ya san wani da ke neman dattijo mai buɗe ƙofa a wani rukunin gidaje. Aiki ba wahala, zama ne a kujera. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Jafta ya yi godiya, ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba. Shekararsa sittin da uku, kuma ya san in ya rasa gonar tuffa bana, wani babban kamfani zai shiga, ba kuma zai sake fita ba.

Ranar rajista aka jera tebura a zauren coci. A teburin masu zuma wata matashiya ce mai suna Vuyokazi Dyani, ma'aikaciyar kwamitin, da kwamfuta a gabanta da kofin shayin da ya huce. Jafta ya sha faɗa daga baya cewa tun daga gida ya shirya faɗin gaskiya, har ya rubuta tamanin da huɗu a 'yar takarda ya sa a aljihu. Na yarda da shi. Amma layi ya tashi, zaure cike da mutane, kuma wanda ke bayansa yana hura masa numfashi a ƙeya Moos ne.

"Sunan Oom?" ta tambaya, domin haka ake kiran kowane dattijo a wajenmu.

"Jafta Windvogel."

"Akwati nawa Oom ya rasa?"

"Sha biyu."

Bakin ne ya faɗa, ba da shawarar kowa ba. Ta rubuta, ta juyo masa da takarda, ya sa hannu. Yana matsawa gefe ya ji an tambayi Moos, ya kuma ji Moos ya ce takwas, da muryar mutumin da aka zo yi wa ta'aziyya.

Ragel tana gasa burodi a kan garwashi ya shigo.

"An rubuta?"

"An rubuta."

"Nawa ka ce musu?"

Ya tsaya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa.

"Jafta, da kai nake."

"Sha biyu."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Jafta Windvogel, shekara ashirin da shida ni nake wanke maka bokitai. Bokiti hamsin a shekara. Akwati sha biyu ne ke cika bokiti hamsin? Ƙudan naka shanu ne?"

"Moos yana bayana."

"To sai Moos ya ciyar da kai! Ka yi wa fasto ƙarya na yi shiru, ka yi wa surukinka na yi shiru, ni kaina ka yi mini na bar ka don na ga tana maka daɗi. Yau an zo da akwati kyauta har ƙofar gida, ka tashi ka yi wa kanka? Sa hularka."

"Ina za mu?"

"Inda ka fito."

Vuyokazi tana tattara kayanta suka iso. Ragel ce ta yi bayani, Jafta yana tsaye a baya yana juya hula. Yarinyar ta saurara, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Antie, kin taimake ni. Masu zuma bakwai ne suka zo yau, duka-duka akwati sittin da tara. Ga shi kuma manoman tuffa sun rubuto mana suna kuka, wai fiye da ɗari uku suke haya daga ƙauyen nan. Na zata ni ce ban iya lissafi ba."

"Ke lafiyarki ƙalau, 'yata. Su ne marasa lafiya."

Gyara yana yiwuwa, in ji ta, amma wanda ya sa hannu a kan sha biyu ya dawo ya ce tamanin, dole a tabbatar, domin akwai masu ƙara nasu kamar yadda ake da masu ragewa. Sai ta je wurin da ƙafarta ta ƙirga abin da wuta ta bari, kuma sai da shaida, mai zuma ɗan'uwansa wanda ba dangi ba. Ranar Juma'a za a rufe takardu.

"Shaida mai zuma?" in ji Jafta. "Ya ga wurarena?"

"Haka dokar take, Oom. Ba ni na yi ta ba."

Ragel ta ce, "Moos zai zo."

"Gara in mutu."

"To zaɓi cikin sauran biyar ɗin. Ga ɗan gidan su Oktober can, wanda aka kama da akwatin wani bara."

Jafta ya haƙura. Moos dai, aƙalla Jafta ya san iyakar muguntarsa.

Ranar Laraba da safe suka fita su huɗu, ban da direba, a motar kwamiti. Moos ya zo da rigar coci da fuskar kirki, bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi ba Jafta haushi. A wuri na farko Vuyokazi ta ɗaga murafai ɗaya-ɗaya tana ɗaukar hoto, sha takwas. Na biyu, sha biyar. Na uku, a ƙarƙashin ƙonannun itatuwan turare, sha ɗaya. Moos yana sa hannu yana kallon sama, wai shi bai ga hanya ba.

"Arba'in da huɗu," in ji Vuyokazi. "Saura arba'in, Oom. Ina muka nufa?"

Jafta ya tsaya a jikin mota. Arba'in da huɗu za su ba shi zumar kwalba, ba za su ba shi gonar tuffa ba. Ya san haka, ya kuma san abin da ya aikata a kwazazzabo, wanda ko Ragel bai faɗa wa ba.

"A bar shi haka," ya ce.

Ragel ta leƙo ta taga. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. "Ni dai zan iya zama a ɗakin Lizelle, Jafta. Akwai coci a George, akwai jikokina. Kai ne nake tunani, a kujera, kana buɗe wa motocin mutane ƙofa."

Ya shiga mota ya nuna wa direba hanya.

A inda itatuwa suka tare hanya suka bar Ragel da direban, saboda gwiwarta. Jafta ya shige gaba. Kuma don a san hali ba ya barin mai shi, ko a ranar bai bi da su kai tsaye ba. Ya hau da su tudu, ya gangara, ya zagaya wani dutse sau ɗaya da rabi, tafiyar rabin awa ta koma awa guda da kwata. Vuyokazi takalminta ya yi baƙi ƙirin. Moos yana baya yana haki, rigar coci ta jiƙe sharkaf.

Suka iso. Ruwan yana nan yana gudu. Ban da shi ba komai, sai baƙar ƙasa a share tas, da 'yan tsirrai kore da suka fara leƙowa bayan ruwan sama.

Vuyokazi ta duba hagu ta duba dama. "Ina murafan, Oom?"

"Na kwashe."

"Oom ya kai su gida?"

"Juji."

"Ƙusoshi fa? Waya? Ko da guda ɗaya?"

"Duka."

"Don me?"

"Ana hango su daga hanya."

Ta zaga wurin tana tona ƙasa da tsinke, ta durƙusa, ta tashi, ta yi iyakar ƙoƙarinta tsakani da Allah. Ƙusa biyu ta samu. Ta dawo da su a tafin hannu, kuma ranta a ɓace yake, ba da shi ba, da abin da za ta faɗa.

"Oom, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma ba zan iya rubuta arba'in a kan ƙusa biyu ba. In ba abin ƙirgawa, hanya ɗaya ce ta rage: shaida ya rantse a rubuce cewa ya gan su da idonsa a nan kafin gobara. Akwai wanda Oom ya taɓa kawowa?"

"Babu."

"Ko mutum ɗaya?"

"Tun da babana ya rasu ba ƙafar da ta taka nan sai tawa."

Ya faɗa da ɗan alfahari, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya nemi dutse ya zauna. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar gobara, domin wannan karon ba wuta ce ta yi masa ba.

Moos ya gama goge wuya da hankici, ya ninke shi, ya sa a aljihu. Ya yi gyaran murya.

"Rubuta arba'in da ɗaya, 'yata."

Suka juyo.

"Layi uku ne. Sha huɗu a nan bakin ruwa, sha huɗu a sama, sha biyu a jikin wancan dutsen. Masu koren fenti, ban da guda shida da bai shafa wa ba don rowa. Watan Afrilu na gan su na ƙarshe."

"Arba'in ne," in ji Jafta.

"Da ɗaya. Ƙaramin da ka sa a bayan dutse na kamun ƙuda, ai sun shiga tun bara. Ka manta da shi ne don ba ya cikin layi."

Jafta ya miƙe tsaye. "Ka bi ni."

"Na bi ka."

"Kai, Moos Kamfer, dattijon coci, ka bi ni a ɓoye kamar ɓarawon kaji!"

"Na bi ka. Kuma da ka bi da mu ta gefen rafi da mun iso tun ɗazu, ka kusa kashe ni a banza."

"Tun yaushe?"

"Shekara sha tara."

Vuyokazi ta ce, "Oom Moos, wannan takardar rantsuwa ce, kuma ana liƙa ta a ƙofar zaure tare da sauran. Kowa zai karanta."

"Na sani. Kawo biron."

Ya san abin da ya saya wa kansa. Daga ranar har ya mutu, shi ne mutumin da ya bi ɗan'uwansa, kuma a gidan mai ba za a bar shi ya manta ba. Ya ɗora takardar a cinya ya rubuta sunansa a hankali, harafi-harafi.

Jafta yana tsaye a kansa. "Shekara sha tara, kuma ba ka taɓa kawo ko akwati ɗaya ba?"

"Wurinka ne. Ni so nake in gani kawai, me ya sa zumarka ta fi tawa." Ya miƙa wa yarinyar takarda. "Bayan gobara ma na zo. Na tarar kana jidar murafai. Na so in ce maka kai wawa ne, ka bar su, sai na ga kana kuka, na koma."

"Hayaƙi ne."

"E, hayaƙi ne. Akwai hayaƙi sosai ranar."

Vuyokazi ta sunkuyar da kai ta haɗa lissafinta, tamanin da biyar. Jafta ya karɓi biro ya sa hannu a ƙasan na Moos. Akwatunan za su iso a makon farko na Satumba, in ji ta, sai ya tanadi inda zai sauke su da wanda zai taya shi.

Da za su koma, ta gefen rafi suka bi, Moos a gaba. Sai da motar ta fara bayyana, da Ragel a tsaye a jikinta ta kare ido da hannu, sannan Jafta ya yi magana, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Kai takwas ka ce musu."

"Takwas na ce."

"Gobe ne naka ke nan. Jibi a rufe."

"Ni wa zai yi mini shaida?" in ji Moos. "Nawa ma na kwashe na wuri biyu, kamar yadda ka yi. Ba wanda ya san inda suke."

Jafta ya tsallake wani ƙonannen gungume, ya tsaya ya kakkaɓe wandonsa.

"Hamsin da uku ne naka," ya ce. "Ka zo ka ɗauke ni ƙarfe bakwai."